Tun da suka buga allon kiran matattu 'yata ta daina barci

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. 'Yata ta fari shekararta 14, tana aji uku a ƙaramar sakandare. A hutun da ya wuce 'yar yayar maigidana, mai shekara 17, ta zo mana da waya cike da fina-finan ban tsoro, irin waɗanda ake turawa a shago an fassara su da Hausa. A ciki akwai na wasu matasa masu kiran matattu da wani allo mai haruffa. Ashe wani dare da aka ɗauke wuta, ina ɗakin Abbansu, sai suka yanki kwali suka jera haruffa, suka kifa ƙaramin kofin gilashi a kai, suka kunna kyandir. Su biyu ne da 'yar maƙwabta, ƙanenta ɗan shekara 7 yana gefe yana kallo. Ta ce kofin ya yi ta yawo har ya haɗa sunan mahaifiyata, wadda ta rasu bara, kuma ita ta raine ta tun daga yaye. Da suka tambaya wa zai bi ta, kofin ya tsaya a kan harafin farko na sunan 'yata. Suka watse da gudu ba su rufe wasan ba, a fim ɗin kuwa an ce wanda bai rufe ba abin zai biyo shi.

Yau mako uku ke nan ba ta barcin kirki. Sau huɗu tana farkawa ta kasa motsi, ta kasa magana, ta ce an danne mata ƙirji, ga baƙar inuwa tsaye a bakin ƙofa. Ba ta shiga banɗaki ita kaɗai da daddare. Ƙanen ya koma fitsarin kwance. Sai makon jiya ta faɗa mana gaskiya. Abbansu ya yi mata faɗa sosai, ya ƙwace wayar da nake ba ta, ya kira yayarsa ya gaggaya mata magana, yanzu ko gaisawa ba sa yi. Ya ce zai kawo mai ruƙiyya. Surukata kuma ta ce akwai wani mutum a ƙauyensu mai yin hayaki. Ni na rasa abin da zan gaskata, ita kuma kullum ramewa take yi. Ki ba ni shawara.

Uwar yara, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa aljanna ce makomarta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinta. Na fara da wannan ne domin a wasiƙarki duka, layin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa ita ta raini yarinyar tun daga yaye. Yarinyar da ta rasa kakar da ta goya ta, aka miƙo mata abin da aka ce yana haɗa mutum da matattu, ba rashin ji kaɗai ya sa ta ɗora yatsa a kan kofin nan ba. Kewa ce ta ja ta. Ki riƙe wannan a ranki, zan dawo kansa.

Bari mu fara da kwalin, don sai kin samu natsuwa a kansa za ki iya ba ta natsuwa. Sunan allon Ouija, kuma tarihinsa a rubuce yake. A birnin Baltimore na Amurka wasu 'yan kasuwa suka kafa kamfanin sayar da shi a 1890, wani lauya mai suna Elijah Bond ya nemi rajistar mallakarsa, aka ba shi a watan Fabrairun 1891. A 1966 kamfanin Parker Brothers ya saye shi, yau kuma yana hannun Hasbro, masu sayar da wasan Monopoly, a kantin kayan wasa ake samunsa cikin kwalinsa. Shekaru da yawa galibin masu sayensa abin nishaɗin falo suka ɗauke shi, duk da malaman coci sun daɗe suna gargaɗi a kansa. Abin da ya cusa tsoronsa a zukatan jama'a sosai shi ne fim ɗin The Exorcist na 1973, wanda a cikinsa wata yarinya ta yi wasa da allon kafin a nuna shaiɗan ya shige ta. Daga nan masu fim suka gane akwai kuɗi a wajen. Fim ɗin 2014 mai ɗauke da sunan allon, kamfanin Hasbro da kansa yana cikin waɗanda suka shirya shi, wato mai hajar ne ya taya a tsorata mutane da hajarsa. Dokokin nan da yara ke haddacewa, kada a yi shi mutum ɗaya, kada a yi a maƙabarta, kada a tashi ba a yi sallama ba, fina-finai ne suka yaɗa su, saboda marubucin labari yana bukatar dokar da jarumai za su karya don labari ya ci gaba. Saboda haka maganar ba su rufe wasan ba, ki gaya mata kai tsaye babu abin da aka buɗe balle a rufe.

Za ta ce miki, to ai kofin ya motsa, na gani da idona. Kada ki ƙaryata ta, ya motsa ɗin. Yatsunsu ne suka tura shi ba tare da sun ji suna turawa ba. Kin san yadda uwa ke buɗe nata bakin idan tana ba jariri kunu a cokali, ba ta yi niyya ba, ba ta ma san ta yi ba? Haka jiki yake, abin da zuciya ke tsammani tsoka tana fara aikata shi kaɗan-kaɗan. Wani likita ɗan Ingila, William Carpenter, ya bayyana wannan a 1852. Shekara guda bayan haka, lokacin da ake yayin zagaye tebur a ɗora hannu a ce ruhohi ke juya shi, masanin kimiyya Michael Faraday ya gwada abin. Ya jera kwalaye a kan juna, ya manna su da wani abu mai danƙo da ke barin su su ɗan zame, ya sa su tsakanin hannuwan mutane da tebur. Da teburin ya motsa aka duba, sai aka ga kwalin sama, wanda hannu ke kai, ya riga na ƙasa gusawa. Da teburin ne ke jan hannu, na ƙasa ne zai riga. Da ya kafa wani ɗan tsinke da ke nuna wa mutanen duk sanda hannunsu ya fara turi, sai teburin ya daina motsi gaba ɗaya. Shi ma allon, an sha gwadawa: a ɗaure wa masu yi idanu, a juya allon ba su sani ba, sai kofin ya riƙa zuwa inda suke zaton haruffan suke, abin da ke fitowa shirme ne zalla.

Sunan Hajiya kuwa, wa ke cikin ɗakin nan da bai san shi ba? Gilashi a kan kwali ba ya bukatar ƙarfi, yatsu uku suna kai, kowace tana jin kamar sauran ne ke ja. Da kofin ya faɗa kan harafin farko, dukansu sun san na biyu, idanunsu suka riga kofin isa can. Tambayar wa zai bi ta ma haka ne, 'yarki ce jikar mamaciyar, ita ce ta fi kowa fargaba, kowa ita yake kallo. Akwai kuma yiwuwar ɗaya daga cikinsu ta tura da gangan don tsokana, abin ya fi ƙarfinta, ta ji kunyar faɗa. Wannan yana faruwa fiye da yadda iyaye ke zato.

Idan kin ga ta ɗan sake, akwai gwajin da za ku yi tare da rana tsaka, a tsakar gida. Ki samu zare mai tsawon kamar santimita 30, ki ɗaura zobe ko ɗan makulli a ƙarshensa. Ki kashe fanka. Ki riƙe bakin zaren da yatsu biyu, gwiwar hannunki a sama ba ta jingina da komai ba, ki tsayar da zoben cak, sannan ki zuba masa ido kina raya a zuci yana lilo daga dama zuwa hagu. Ga yawancin mutane, kafin minti ɗaya zai fara lilon. Ki raya yana zagaye, zai koma zagaye. Ke ki fara yi, sannan ki ba ta. Bayan haka ku ɗaura zaren a jikin ƙusa ko igiyar shanya, ku koma gefe ku yi ta rayawa, ba zai gusa ba. Abu biyu ke ɓata wannan gwaji. Ɗaya, a yi shi da daddare ko tana cikin firgici, sai ya zama ƙarin abin tsoro. Biyu, a fara yi wa zoben tambaya, ko da wasa, domin nan an koma duba. Idan ta ce ba ta so, ki bar shi, bayanin ma ya isa.

Kada ki ɗauka ina musun aljanu. Suna nan, Alƙur'ani ya tabbatar. Amma Alƙur'anin ne kuma ya ba ki amsar abin da ke cin yarinyar nan. A Suratu Saba'i aya ta 14, Annabi Sulaimana ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna gabansa suna ta wahalar aiki, ba su san ya rasu ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Waɗanda ba su gane mutuwar da ta riga ta faru a gaban idonsu ba, ina za su san wadda ba ta zo ba? Ƙarshen Suratu Luƙman ya ce babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Suratul Mu'minun aya ta 99 da ta 100 kuma sun nuna wanda ya rasu ba ya dawowa, akwai shamaki a bayansa har ranar tashi. Hajiya ba ta zo ɗakin nan ba, kuma babu wanda ya karanto ajalin jikarta. Abin da suka yi kuskure ne, neman gaibu ta wannan hanya addini ya hana. Ki faɗa mata haka sau ɗaya, a natse, ta yi istigfari, a rufe babin. Maimaita mata laifin kullum ba ya ƙara mata tuba, tsoro kawai yake ƙara mata.

Yanzu ga abin da ke danne ta da daddare. Dannau ne, kuma likitoci sun san yadda yake faruwa. A matakin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yana farkawa kafin a saki jikin. Idanu a buɗe, jiki a ɗaure, mafarkin bai gama wucewa ba, sai ya zuba a cikin ɗakin da mutum ke kallo. Nauyin ƙirjin kuma, a wannan mataki numfashi gajere ne, mutum yana son ya ja dogo ya kasa, sai ya ji kamar an hau shi. Daga daƙiƙoƙi kaɗan zuwa minti biyu ko uku yake ɗauka, yana sakin mutum da kansa, ba ya kisa. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike da dama ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantarsa, a tsakanin ɗalibai kuwa kusan 28 cikin 100. Manyan abubuwan da ke tayar da shi su ne ƙarancin barci, sauya lokacin kwanciya, damuwa, da kwanciya rigingine. Kin ga yadda abin ke zagayawa: tana tsoro sai ta ƙi barci, rashin barcin ya kawo dannau, dannau ya tabbatar mata da abin da take tsoro. Wannan zagayen za ki tsinka, kuma ta wajen barci ake tsinka shi.

Mai shekara 14 tana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Idan da asuba take tashi, to ƙarfe tara na dare ta kasance a kwance, kullum, har Asabar da Lahadi. Idan za ta yi ƙailula kada ta wuce minti 30, kuma kafin la'asar. Shayi mai ganye, kofi, goro da baƙin lemon kwalba, ki yanke mata su daga azahar. Ki shiga ɗakin da daddare ki kwanta a inda take kwanciya, ki kalli ƙofar da take cewa. Sau da yawa za ki tarar da hijabi ko doguwar riga rataye a ƙusa, a cikin duhu kuwa wannan siffar mutum ce tsaye. Ki kwashe duk abin da ke rataye, ki juya madubi idan akwai, ki ajiye 'yar fitilar caji mai raunin haske a ƙasa, a kusurwa, yadda ba za ta jefa dogayen inuwoyi a bango ba. Ta kwanta a gefen dama kamar yadda sunna ta koyar, ki tokare bayanta da matashi don kada ta mirgina ta koma rigingine.

Ki koya mata abin da za ta yi idan ya zo, ku maimaita da rana har ta haddace. Kada ta yi kokawar tashi, kokawar ke ƙara nauyin ƙirji. Ta rufe ido, ta ce a ranta wannan dannau ne, yanzu zai wuce. Ta mai da hankali kan yatsa ɗaya na hannu ko na ƙafa ta yi ta ƙoƙarin motsa shi, tana sakin numfashi a hankali, tana karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Idan ya sake ta, ta tashi zaune, ta sha ruwa, ta yi minti biyar kafin ta koma, don wanda ya koma nan take yakan sake faɗawa ciki. Ke kuma idan kin ji tana gurnani, taɓa kafaɗarta da kiran sunanta ya isa ya katse shi.

Kwana tare da ita yana da kyau, amma a yi shi da tsarin janyewa, in ba haka ba wata shida za ki yi a ɗakin yara. Dare uku na farko ki shimfiɗa tabarma ki kwana a ɗakin. Ukun da ke biye ki zauna har ta yi barci sannan ki fita. Sai ki koma zama a bakin ƙofa, daga nan ki koma leƙowa duk bayan minti goma har barci ya ɗauke ta. Banɗaki ma haka: yau ki tsaya a ƙofar, jibi ki tsaya nesa kaɗan kina yi mata magana, har ta iya zuwa da tocila ita kaɗai. Idan wani mataki ya gagara, ku koma na baya kwana biyu, ba tare da gori ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura yaro cikin duhu da ƙarfi wai don ya saba, ko a bar shi ya guje wa duhun kwata-kwata. Dukansu suna tsawaita tsoron.

Addu'ar kwanciya ta riƙa yi da bakinta, ke kina gefe. Ta haɗa tafukanta ta karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ta tofa, ta shafe jikinta, sau uku, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yi kowane dare. Ta ƙara da Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara. Idan ta yi mugun mafarki ta yi tofi ta hagu sau uku, ta nemi tsari, ta juya kwanciya. Amfanin ta yi da kanta shi ne ta san kariyar a hannunta take, ba sai an ɗauko wani daga waje ba. Idan mafarki ɗaya ke ta dawowa, akwai dabarar da likitocin barci ke amfani da ita: da rana ta ƙirƙiro wa mafarkin wani ƙarshe na daban mai daɗi, ta rubuta, ta riƙa hasko sabon a ranta minti goma zuwa sha biyar kullum har mako biyu. Ba sai ta ba kowa labarin mummunan ba.

Sai maganar Abbansu. Faɗan da ya yi tsoro ne ya fito ta hanyar fushi, uba ne da ya ga 'yarsa na ramewa ya rasa inda zai kama. Kada ki tare shi da cewa ruƙiyya ba ta da amfani, ba gaskiya ba ne, kuma za ki rasa shi a lokacin da kike bukatarsa. Ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ki ce Abbansu, ni a ganina babu wanda ruƙiyyarsa za ta fi shiga yarinyar nan kamar kai. Ya zauna kusa da ita bayan isha'i, ya dafa kanta, ya karanta Fatiha da surorin nan da murya mai taushi, minti goma. Wannan ruƙiyya ce cikakkiya, kuma za ta goge faɗan da ya yi mata. Idan ya dage sai an kawo malami, ku yi sharaɗi tun kafin ya shigo: a gabanku za a yi, ba duka, ba shaƙa mata komai a hanci, ba lasifika a kunne, ba tsawa, ba tambayar wane ne kai, kuma ba taron 'yan kallo. Dalilina shi ne, yarinyar da ta yi mako uku ba barci, idan aka rufe ta da zane ana yi mata ihu, za ta yi ta haki. Hakin nan yana fitar da iskar da jini ke bukatar ya riƙe, sai leɓe da yatsu su ɗau tsami, hannu ya ƙanƙame, jiri ya ɗebe ta. Waɗanda ke wajen za su ce ga shi nan ya bayyana, ita ma ta yarda. Daga ranar sunanta ya zama mai aljanu a unguwa da makaranta, sunan da ke iya bin mace har lokacin aurenta.

Maganar mutumin ƙauye kuwa, a'a. Wanda zai tambayi sunan uwa, ya ce a kawo zakara ko tufafin da aka sa, ya ba da labarin abin da ke ɓoye, shi ne irin wanda hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce mai zuwa wajensa ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa kwana 40. Ba za a gyara neman gaibu da wani neman gaibun ba. Hayaki a rufaffen ɗaki kuma yana iya tayar da asma. Amma ba ke za ki faɗa wa Hajiya surukarki wannan ba, ɗanta zai faɗa mata, da ladabi: Hajiya mun gode, mun fara addu'a a gida, ki taya mu da taki. Tsohuwa tana son a ba ta rawar takawa ne, ku ba ta wadda ba ta da illa.

Kwalin, idan yana nan, ki sa ta yayyaga shi da hannunta da rana ta zuba a shara. Ba ƙonawa, ba binnewa, ba wata hidima, don duk hidimar da aka yi masa tana gaya mata yana da wani ƙarfi. Kofin a wanke a mayar cikin 'yan uwansa.

Ita 'yar yayar maigidanki ta yi wauta, musamman da ta bar ɗan shekara 7 yana kallo, amma shekararta 17, kuma ina kyautata zaton ita ma ba ta barci a can. Ki kira ta ke da ita, ba faɗa, ki ce 'yata, ba kama ki zan yi ba, gaya mini tsakani da Allah, kin tura kofin nan? Idan ta amsa, ki roƙe ta ta faɗa wa ƙanwarta da bakinta, wannan kalma ɗaya za ta yi aikin da bayanina duka bai yi ba. Idan ta ce ba ta tura ba, ki yarda da ita, na riga na gaya miki yadda hakan ke yiwuwa. Ki kira yayar tasa ki gaishe ta, ki ce Yaya a yi haƙuri, ruɗewa ce ta sa ƙanenki ya yi zafi. Ki kuma sanar da uwar 'yar maƙwabta a asirce, don tsoro irin wannan yana yaɗuwa tsakanin 'yan mata idan suka koma makaranta suna ba juna labari.

Ƙaramin shi ya fi bukatar a yi masa a sauƙaƙe, domin a shekarunsa bai gama raba fim da gaske ba. Jimla biyu ta ishe shi: yatsun su Yaya ne suka tura kofin, mutanen fim kuma kwalliya aka yi musu. Fitsarin kwancen ba da gangan yake yi ba, kada a yi masa waƙa ko a shanya katifar a gaban baƙi. Ki sa leda a ƙarƙashin zanen gado, ki rage masa ruwa awa ɗaya kafin kwanciya, ya yi fitsari sau biyu, bayan isha'i da kuma dab da hawa gado. Idan yana kukan zafi wajen fitsari, ko yana yawan shan ruwa yana ramewa, a kai shi a gwada fitsarin da sukarin jini, kada a ɗora komai a kan tsoro.

Wayar kada ta tafi har abada, yaran da aka hana kwata-kwata a wayar ƙawaye suke kallo, kuma ba za su sake gaya miki komai ba. Ki duba katin ajiya da inda fayilolin da aka turo ta Xender ko WhatsApp suke sauka, ki goge fina-finan a gabanta. Manhajar Family Link ta Google tana ba ki damar kulle wayar Android a lokacin da kika zaɓa da hana sauke manhaja sai da izininki, YouTube ma yana da wajen taƙaita abin da ake nunawa. Sai dai ki sani duk waɗannan ba sa ganin fim ɗin da aka turo daga shago, kuma fim ɗin da aka yi wa fassara yawanci an yanke alamar shekarun da ke farkonsa. Maganin wannan doka ce ta gida: waya tana kwana a ɗakinki daga ƙarfe takwas. Nan gaba idan ta warware, ki nuna mata yadda ake haɗa irin waɗannan fina-finai. Ki kashe sautin wani wajen ban tsoro ta ga yadda yake zama fanko, don rabin firgicin a kunne yake, shiru mai tsawo sannan ƙara kwatsam. A The Exorcist, ɗakin da aka yi ɗaukar an sanyaya shi da injina ne don tururin bakin 'yan wasa ya fito, koren aman da ya firgita duniya kuwa miyar wake ce.

Na ce zan dawo kan Hajiya. Na san 'yar fari ce, akwai kara tsakaninku, wataƙila ko sunanta ba kya kira. A makonnin nan ki sassauta. Wadda take kai wa kukanta ta tafi, kuma ina zargin tun bara babu wanda ya zaunar da ita ya tambaye ta yadda take ji. Ki ce mata, me kika so ki gaya wa Hajiya a daren nan? Sannan ki yi shiru ki saurara, ko da kuka za ku yi tare. Ki nuna mata hanyoyin da ke isa ga mamaci da gaske: addu'a bayan kowace salla, da sadaka da za ta bayar da hannunta, ko ƙosai ne ranar Juma'a. Idan kunya ta hana ki, ki ɗauko ƙanwarki ko gwaggon da take sakewa da ita.

Ki ba wannan tsari mako biyu, ki riƙa rubuta lokacin da ta kwanta, sau nawa ta farka, da ko dannau ya zo. Ya kamata ki ga sauƙi a cikinsu, ko da bai tafi duka ba. Idan babu canji, ko ta kai wata guda tana kasa zuwa makaranta, ku je babban asibiti ku nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuna da asibitin koyarwa a Shika, akwai kuma na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, ki tafi da takardar da kika riƙa rubutawa. Kada a saya mata maganin barci a kemis. Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: idan tana jin muryoyi ko ganin abubuwa da rana ido biyu, idan ta faɗi tana jijjiga ko ta ciji harshe, idan barci yana kwashe ta kwatsam tana tsaka da magana, idan ta daina cin abinci, idan zazzaɓi ya haɗu da ruɗewa, ko ta fara cewa gara ta mutu ta huta. Wannan na ƙarshen ki tambaye ta kai tsaye, tambayar ba ta cusa tunanin, kuma idan ta amsa da e, kada a bar ta ita kaɗai har ku ga likita a ranar.